Ɗakin da ƙanwata ke kwana a hostal, da zafin bazarar Kebbi

Cikin watan Afrilu ne, tsakiyar bazara, munka maida ƙanwata makaranta ni da Inna. Ba zan faɗi sunan makarantar ba don ba faɗa na zo yi da kowa ba, kuma abinda na gani can na gan shi wurare da dama. Mun isa wajen ƙarfe biyar na yamma, na ɗauki jakka da ɗan buhun shinkafa da risho na bi ta har hawa na biyu, Inna na biye da mu tana hutawa kan matakala. Da munka shiga na aje kaya na dafa bango don in miƙe, wallahi sai da na janye hannu, bangon kamar gindin tukunyar da anka sauke yanzu daga murhu. Gadaje huɗu masu bene, wato mutum takwas kenan banda masu raɓawa, taga guda ɗaya ta alminiyam irin mai zamewa ɗin nan wadda rabi kawai ke buɗuwa, kuma tana kallon yamma ido da ido da rana. Akwai fanka a sama amma ba wuta.

Inna ta tsaya bakin ƙofa ta duba sama ta duba ƙasa tace, "Ke ɗiyata, wanga ɗaki ta ina iska ka shigowa?" Ƙanwata tace, "Inna haka nan muke, in dare yayi kan matakala muke shimfiɗa." Inna bata ƙara cewa komai ba sai da munka shiga mota, ta juyo tace min, "Kai da kake aikin gini, haka anka koya muku?"

Tambayar nan ta zauna min a rai, don aikina kenan, duba gini nake yi a sait shekara da shekaru a Birnin Kebbi da kewaye. Kuma gaskiya ba haka anka koya mana ba.

Duk filin da na je, tun kafin a ja igiya abinda nake fara nema shine ina gabas ina yamma. Mu nan da tsakar rana kusan bisa kai rana take, saboda haka bangon kudu da na arewa ɗan bakin rufi ko baranda ya ishe su inuwa. Amma gabas da yamma a kwance rana ke zo musu, da hantsi ta wancan gefe da la'asar ta wanga gefe, ba bakin rufin da zai iya tare ta. To in gini dogo ne kamar yadda hostal yake, sai a miƙa tsawonshi daga gabas zuwa yamma, tagogin ɗakuna su kalli kudu da arewa, gajerun bangaye biyun nan su ne zasu sha ranar, sai a sa musu matakala ko sito ko wurin wanki, wuraren da ba a kwana ciki. Wannan ko kobo baya ƙarawa kan kuɗin aiki, juya takardar zane ne kawai a kan tebur. Amma sai kaga an jera gini yana fuskantar titi don yayi kyau ga mai wucewa ranar buɗewa, yaran da zasu kwana ciki shekara huɗu ko biyar ba a sa su cikin lissafi ba. Bulo na siminti kuma haka halinshi yake, ya sha rana wuni guda ya riƙe, sai dare yayi ya fara amayo zafin cikin ɗaki, shi yasa ƙarfe goma sha ɗaya na dare waje ya huce amma ɗaki na nan kamar gidan burodi.

Iyayenmu sun san wannan ba tare da sun shiga aji ba. Ka duba tsofaffin gidaje a Argungu ko Gwandu ko Jega, da wuya ka ga babbar taga ta kalli gabas, saboda hadarin damina daga gabas yake tasowa da iska da ƙura kafin ruwa ya sauko, kuma bangon gabas shi ake fi kula da yaɓenshi.

Sai maganar lungu. Yawancin hostal ɗin da ake ginawa yanzu dogon lungu ne a tsakiya, ɗakuna dama da hagu suna kallon juna kamar gidan haya, don ya fi araha, lungu guda ya ɗauki layi biyu. To amma iska bata shiga ɗakin da bata da hanyar fita. In taga guda ce kuma ƙofa a rufe take, ko iska na kaɗawa waje kamar mi a bakin taga zata tsaya. In an buɗe ƙofar ma abinda ke shigowa daga lungu hayaƙin risho ne da warin bayi, don lungun shi kanshi duhu ne ko da rana, ba taga sai can ƙarshe. Gyaran mai sauƙi ne, layin ɗakuna guda ɗaya, baranda buɗaɗɗa a gefe guda, taga gaba taga baya, sannan a bar ƙananan kafofi can sama kusa da silin a sa musu raga, saboda iska mai zafi sama take hawa, in ta samu kafa ta fita sai mai sanyi ta shigo ta ƙasa. Irin tagar nan mai zamewa kuwa ni ban ga amfaninta ba ga ƙasarmu, ka biya kuɗin taga guda ka samu rabi. Mai marfi biyu da ke buɗewa gaba ɗaya ta fi ta nesa ba kusa ba, da hunturu kuma a rufe ta ruf don ƙura.

Masu hawa na sama su suka fi kowa shan wuya, kwano ne bisa kansu sai ɗan silin marar kauri, tsakaninsu zafi ya taru ba inda zai bi ya fita.

Akwai wani mai zanen gini ɗan Burkina Faso, Francis Kéré, haifaffen wani ƙauye Gando, ya yi karatu a Jamus ya dawo ya gina ma ƙauyensu makarantar firamare anka gama ta 2001. Da bulon ƙasa ya gina ta, kuma da kwano ya rufa kamar kowa, sai dai ya ɗaga kwanon sama bisa ƙarafa ya bar fili tsakaninshi da silin na ƙasa, iska na ratsawa ta tsakiya tana kwashe zafin, bakin rufin kuma ya fito sosai yana ba bango inuwa yana kare shi daga ruwa. A 2022 anka bashi kyautar Pritzker, wadda ita ce babba a duniyar masu zanen gini, shine ɗan Afirka na farko da ya same ta. Ƙasarsu yanayinta ɗaya da tamu, zafi, ƙura, gajeruwar damina. Ko nan Nijar maƙwabtanmu, a Dandaji cikin jihar Tawa, garin Hausawa ne, wata mai zanen gini Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta sun maida tsohon masallacin garin ɗakin karatu sunka gina sabo da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, anka gama 2018. Ba wani abu anka ɗauko daga Turai ba, jar ƙasar wurin ce. Mu kuwa in kace ma mutum a gina hostal da ƙasa sai ya ɗauka zaginshi kake yi, wai ginin talauci. Alhali duk wanda ya taɓa shiga gidan tarihi na Kanta a Argungu da rana tsaka, ginin da aka yi tun 1831 ya zama fadar sarki har 1942, ya san yadda jiki ke sakewa da ka tsallaka ƙofa. Kaurin bango ne da tsawon rufi, ba wani sirri.

Ina yawan tuna ɗakin kakarmu, soro ne na tubali da rufin azara, ƙasa anka yi mata daɓe. Da azahar cikin azumin bazara nan muke tsere mu kwanta, randa na kusurwa ruwanta da sanyi. Da dare kuma kowa ya fito tsakar gida da tabarma. Wato gidan an tsara shi gida biyu ne, na rana da na dare, ɗaki mai kauri don wuni, fili mai katanga don kwana. Wanga tunani shi ne ya ɓace cikin zanen hostal. Yaran da ke shimfiɗa kan matakala tsakar gida suke nema, ba a gina musu ba sai sunka ƙirƙiri tasu.

Da ni za a ba aikin, hostal ba zai zama dogon akwati guda mai ɗaukar mutum ɗari biyar ba. Gida-gida zan yi shi, kowane gida layin ɗakuna kudu da arewa, tsakiya fili da dogon yaro biyu ko ukku, dakali zagaye, igiyar shanya, ƙofar shiga guda mai zaure inda mai gadi ko matiron ke zama, baƙo ya tsaya nan kamar yadda ake yi a kowane gidan Bahaushe. Musamman ɓangaren mata, yarinya ta samu inda zata cire hijabi ta sha iska ta yi kitso ba tare da wani ya hango ta daga titi ko daga benen da ke kallonsu ba. Yanzu abinda ke faruwa taga na kallon hanya, sai su rataya zane su toshe ta don sutura, ɗan rabin da iska ke shigowa shima ya tafi. Kuma gida mai mutum sittin ko tamanin kowa ya san kowa, in baƙuwar fuska ta shigo an gane, in wata bata da lafiya an sani. Cikin mutum ɗari biyar kuwa kana iya kwana ukku da zazzaɓi ba wanda ya lura.

Ba ma sai an je nesa ba, a Najeriya an taɓa yin tunanin nan. Jami'ar Ibadan da aka buɗe 1948, wasu Turawan Ingila mata da miji, Maxwell Fry da Jane Drew, su sunka zana ɗakunan kwananta na farko cikin shekarun 1950. Sun yi ginin siriri don iska ta ratsa, da baranda, da bangon kankare mai huji-huji da ke tare rana ya bar iska. Cikin manyan ɗakunan kwanan jami'ar akwai mai sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ba cewa nake a kwafo Ibadan ba, zafinsu mai laima ne namu busasshe ne, su buɗewa suke buƙata dare da rana, mu da rana rufewa muke so da kauri da inuwa, da dare a buɗe. Abinda ya burge ni shine mutanen sun zauna sun duba yanayin garin kafin su ja layi. Mu kuma zane guda ake ɗaukowa a dasa shi Fatakwal a dasa shi Gusau.

Sai girki, wanda kusan duk mai zane ke yi kamar bai san ana yin shi ba. Abin yana da asali. Da can gwamnati ke ciyar da ɗaliban jami'a, tikiti kake kaiwa kafteriya a zuba maka, har rikicin ɗalibai da ake kira Ali Must Go na 1978 kan ƙarin kuɗin abinci da kwana ya taso. Don haka hostal ɗin wancan zamani ba a yi musu madafa ba, ba a buƙata. Cikin shekarun 1980 ciyarwar ta tsaya, amma zanen bai canza ba, har yau ana kwafar ɗaki da lungu da bayi kamar akwai wanda zai dafa ma yaran. To ɗiyar talaka daga Zuru ko Yawuri ko Anka da aka haɗo ma shinkafa da wake da manja daga gida ina zata dafa? Cikin ɗaki, gefen katifa, ƙarƙashin labule, da risho ko ƙaramin gas ko hita da aka soka ma soket guda tare da cajar waya takwas. Hukuma ta liƙa takarda an hana girki a ɗaki, amma ba a nuna inda za a yi ba. Rumfa ce kawai ake buƙata a kowane gida, buɗaɗɗa, da teburin kankare da famfo da magudana, nesa kaɗan da ɗakuna, da ɗan akwatin ƙarfe mai kwaɗo na kowane ɗaki don aje kayan miya.

Bayi kuwa nan ne hostal ke fara mutuwa. Ana sa masai irin na zama mai jan ruwa a hawa na ukku a wurin da famfo ke zuwa sa'a biyu a wuni, wata guda ya toshe, fayif ya fara yoyo cikin bango, fenti ya kumbura, rodin da ke cikin kankaren benen ya fara tsatsa. Mu mutanen buta ne, na tsugunno shi ya dace da mu, ya fi tsabta ga jama'a da yawa kuma ruwa kaɗan yake ci. A kula kar ya fuskanci alƙibla ko ya bata baya, wannan magini na ƙauye ma ya sani amma sai kaga zanen ofis ya manta. A ware wurin alwala daban da ɗan dakalin zama da magudana mai gangara, don sau biyar a wuni yara ɗaruruwa ke zuba ruwa, in ba a yi musu wuri ba bakin baranda zasu yi, ga santsi ga sauro. Fayif a bi da su ta waje inda mai gyara zai kai hannu ba sai an fasa bango ba. Lissafin ruwa kuma ba wuya gare shi, a ɗauka yara 400 ne kowa bokiti biyu na lita 20 a wuni, wanka da wanki da alwala da girki, lita 16,000 kenan, sai kaga an ɗora tankin lita 5,000 guda biyu an ce an gama. Rana da ke gasa mu ita ce kuma zata iya jawo ruwan, bohol mai sola yanzu ko ƙauyuka akwai shi.

Wani zai ce duk wannan jin daɗi ne, ɗalibi ai haƙuri ya zo yi. Ba jin daɗi bane, rai ne. Muna cikin yankin da sanƙarau ke tashi duk rani, Zamfara ta ga abinda ya faru 2017, mu nan Kebbi cikin 2025 ya taɓa Gwandu da Jega da Aliero an rasa rayuka. Duk ma'aikacin lafiya da ka tambaya abinda zai fara ce maka a rage cunkoso a kwana inda iska ke shiga. Ɗakin da aka zana ma mutum huɗu anka zuba goma, taga rabi, cikin Maris da Afrilu, me ake jira? Ga karatu kuma, yaron da bai yi barci ba sai ƙarfe ukku me zai fahimta a lakcar ƙarfe takwas.

Maganar da ta fi ci min rai ita ce tsaro. Jami'o'inmu sababbi ne, ta Aliero 2006, ta tarayya a Birnin Kebbi da ta Gusau duka 2013, ta jihar Zamfara a Talata Mafara 2018, ta aikin gona a Zuru bayan su. Ɗalibai na ƙaruwa kowace shekara, kuma ko'ina a ƙasar nan gadon kwana baya bin yawan waɗanda ake ɗauka, sauran sai su kama haya a unguwannin gefe. Kowa ya tuna Satumbar 2023 da 'yan bindiga sunka shiga gidajen hayar ɗalibai a Sabon Gida kusa da Gusau sunka kwashi yara, yawancinsu mata. Tun daga lokacin duk uban da ke da ɗiya a makaranta tambayarshi ta farko cikin makaranta take kwana ko waje. Saboda haka ƙarin hostal wajibi ne. Amma tsoron nan ya haifi wani haɗarin, yanzu kowace taga an dasa mata ƙarfe an walde, ƙofar bene guda ce, ƙarfe goma a sa mata kwaɗo, makulli na aljihun mutum guda. Haɗa wannan da risho cikin ɗaki da wayar wuta da ta sha lodi. Ranar da na kai ƙanwata sai da na zagaya ginin ina neman matakala ta biyu, akwai ta, amma an toshe ƙofarta da tsofaffin gadaje an ɗaure da sarƙa. Ban yi barci ba daren nan. Tsaro a katanga ake yin shi da zaure da fitila da nisan gini daga daji, ba a maida ɗaki keji ba. Kowane bene matakala biyu, ƙofa mai buɗewa waje wadda na ciki zai iya turawa ko da na waje bai iya jawowa, ƙarfen taga aƙalla guda a kowane ɗaki ya zama mai buɗewa daga ciki. Na yi ma mai kula da ginin magana cikin ladabi, nace Baba don Allah a duba ƙofar can, yace zai kai maganar sama.

Na san za a ce kuɗi. Eh, layin ɗaki guda da baranda ya fi cin fili da bulo bisa ga lungu mai layi biyu, ban musa ba. Amma fili shine abinda Allah ya hore ma makarantunmu, wasu sai ka yi tafiyar minti ashirin cikin harabarsu baka ga gini ba. Ba dole sai hawa ukku ko huɗu ba, ƙasa da hawa guda ya isa, an rage rodi an rage siminti an rage wahalar hawar da ruwa. Kuɗin da ake kashewa kan tayil mai sheƙi da gilashin gaban gini da ado na silin, a maida su ga kaurin bango da bakin rufi da tanki. Dogon yaro kuwa dashe ne da ban ruwa na shekara biyu, sai dai a shuka shi ranar da aka ja igiya ba ranar yanke kirtani ba, kuma in an tarar da itace a filin a zana ginin ya kauce mishi, kar a turo katafila ta share komai. Masu kuɗin da ke gina hostal su karɓi haya na wasu shekaru kafin su miƙa ma makaranta, su ma in ɗakinsu na da sanyi da ruwa ba zasu taɓa rasa mai kamawa ba.

Kuma kafin a zana, a tara yaran da ke kwana ciki da masu shara da mai gyaran famfo a tambaye su. Mai shara ta san inda ruwa ke kwanciya fiye da duk wanda ke ofis.

Shekaranjiya ƙanwata ta kira ni bayan isha'i, ina jin hayaniyar 'yan uwanta a bayanta. Tace, "Yaya in zaka shigo ranar Asabar ka taho min da gidan sauro da tabarma babba, mun samu wuri bayan ginin gindin wata bishiya, matiron ta yarda mu kwana can har ruwa ya sauka." Nace akwai katanga wurin? Tace akwai, kuma mai gadi na kusa. Nace to ki duba min ƙofar matakalar nan ta baya ko an cire sarƙar. Ta ɗan yi shiru, na ji takunta tana tafiya, can tace, "Yaya an kwashe gadajen, amma sarƙar na nan."